Saul, Jonatan da Dawuda: Tambayoyi da Amsoshi kan Hassadar Sarki, Amincin Aboki da Kariyar Ubangiji

Duk inda aka zauna nazarin littafin Sama'ila na fari, ko a ajin Lahadi, ko a zumuntar mata, ko a taron matasa, tambayoyi kusan iri ɗaya ne ke tasowa. An tattara su a nan, daga masu sauƙi zuwa waɗanda sai an nisa kafin a amsa. Zai fi kyau mai karatu ya buɗe Littafi Mai Tsarki a gefensa, domin kowace amsa tana komawa ga nassin ne.

A ina labarin yake, kuma su wane ne a cikinsa?

Yana cikin 1 Sama'ila, daga sura 16 zuwa 31, ƙarshensa kuma ya shiga 2 Sama'ila sura 1 da sura 9. Zuciyar labarin ita ce sura 18, 19 da 20. Abin ya faru wajen shekara 1000 kafin haihuwar Almasihu. Saul ɗan Kish, daga kabilar Biliyaminu, shi ne sarkin Isra'ila na fari, fadarsa tana Gibeya, arewa kaɗan da Urushalima. Jonatan ɗansa ne, wanda kowa ke kallo a matsayin magajin gadon sarauta. Dawuda kuwa autan Yesse ne na Baitalami, daga kabilar Yahuza, makiyayin tumaki da annabi Sama'ila ya shafa wa mai tun Saul yana kan mulki. Sai Mikal, 'yar Saul, wadda ta zama matar Dawuda.

Waƙar mata ce kaɗai ta jawo hassadar Saul?

Waƙar ita ce ta tono abin, amma ba ita ta shuka shi ba. Bayan Dawuda ya kashe Goliyat, ƙaton jarumin Filistiyawa abokan gāban Isra'ila, a kwarin Ila, mata suka fito daga garuruwa da kiɗa da rawa suna tarbar sarki, suna cewa Saul ya kashe dubbai, Dawuda kuwa dubun dubbai. Sarki mai kwanciyar hankali da ya ji wannan sai ya yi murna, tunda yaron sojansa ne, nasarar kuma ta ƙasarsa ce. Saul bai ji haka ba. Ya ce a ransa, me ya rage masa in ba sarautar ba? Daga ranar ya sa wa Dawuda ido (18:8-9).

Dalilin yana baya. Sau biyu Sama'ila ya riga ya gaya masa cewa mulkinsa ba zai ɗore ba. Na farko a Gilgal, da ya gaji da jiran Sama'ila ya miƙa hadaya da kansa (sura 13). Na biyu bayan yaƙin Amalekawa, da ya bar sarki Agag da dabbobi masu ƙiba da rai. A ranar ce ya cafke bakin rigar Sama'ila ta yage, annabin ya ce masa haka aka yage mulkin daga hannunsa, an ba wani maƙwabcinsa da ya fi shi (15:28). Ba a faɗa masa sunan mutumin ba. Saul ya zauna da wannan magana a cikinsa, yana duban fuskokin fada yana neman mai ita. Da matan suka ɗaga murya, sai ya ji kamar an ambaci sunan. Shi ya sa sura 18 ta yi ta nanata cewa Saul yana tsoron Dawuda (aya 12, 15 da 29). Hassadarsa tsoro ce ta wanda ya san abin da ke hannunsa ya riga ya kuɓuce.

Tunda an ce mugun ruhu daga Ubangiji ne ya dame shi, Saul yana da laifi kuwa?

Yana da shi. Nassin ya ce Ruhun Ubangiji ya rabu da Saul, mugun ruhu kuma daga wurin Ubangiji ya riƙa azabtar da shi (16:14). Marubucin yana nuna cewa ko wannan ma bai fita daga ikon Allah ba, hukunci ne da ya biyo bayan rashin biyayyar da aka ambata a amsar da ta gabata. Amma a duba yadda Saul ya shirya auren Mikal a matsayin tarko, yadda ya aika fadawa su raɗa wa Dawuda magana mai daɗi a asirce, yadda ya zaɓi sojoji 3,000 ya bi shi jeji. Wannan aikin mai lissafi ne, ba na wanda hankalinsa ya gushe ba. Akwai ranakun da ciwon ya kama shi, akwai kuma ranakun da yake garau ya zaɓi mugunta da kansa.

Ban yarda a ɗauki wannan aya a liƙa wa duk mai fama da ciwon damuwa ko taɓin hankali ba. Labarin Saul ne, ba bayanin kowane maras lafiya ba. Abin lura ma shi ne, da farko maganin da ya samu garayar Dawuda ce, kuma a lokacin Saul yana ƙaunar yaron ƙwarai har ya mai da shi mai riƙe masa makamai (16:21-23).

Ta waɗanne hanyoyi Saul ya nemi ran Dawuda?

Ya fara da mashi, Dawuda na kaɗa masa garaya a cikin gida. Da bai same shi ba, sai ya koma dabara: ya naɗa shi shugaban mayaƙa dubu don Filistiyawa su gama masa aikin. Ya yi masa alkawarin babbar 'yarsa Merab, da lokaci ya yi ya aurar da ita ga Adriyel. Da ya ji Mikal na son Dawuda, sai ya yanka sadaki na loɓar Filistiyawa ɗari, da fatan ba zai dawo da rai ba. Ya dawo. Daga nan ɓoye-ɓoye ya ƙare, Saul ya fito fili ya umarci Jonatan da fadawansa su kashe shi (19:1), ya sake jifa da mashi har ya kafe a bango, ya sa a yi gadin gidansa da dare, sa'an nan aka shiga farauta a jejin Zif, da Mawon, da En-gedi a gaɓar Tekun Gishiri.

Mai karatu ya bi mashin nan da ido. Yana hannun Saul a ɗaki, yana hannunsa a wurin cin abinci, yana hannunsa yana zaune a ƙarƙashin itace a Gibeya yana kuka cewa ba wanda ke tausayinsa, yana kafe a ƙasa kusa da kansa in yana barci. Ba a taɓa nuna mana ya sami Dawuda da shi ba.

Me ya sa Jonatan ya ba Dawuda rigarsa da takobinsa?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a daɗe a kanta. Jonatan ba ragon yarima ba ne da ya sami jarumi ya laɓe a bayansa. Tun kafin a ji sunan Dawuda yana jagorantar mayaƙa dubu (13:2). A Mikmash shi da mai riƙe masa makamai, su biyu rak, suka hau dutse da hannu da ƙafa suka auka wa sansanin Filistiyawa, yana cewa ba abin da zai hana Ubangiji yin ceto ta hannun masu yawa ko kaɗan (14:6). To da ya ji wani yaro ya tsaya gaban Goliyat yana cewa yaƙin na Ubangiji ne, sai ya ji muryar da ya sani. Abotarsu daga nan ta taso, daga bangaskiya iri ɗaya.

Kyautar kuma ba ta nuna ƙauna kaɗai ba ce. Riga, kayan yaƙi, takobi, baka da ɗamara (18:4) su ne alamun matsayinsa na magaji. Ga shi an faɗa mana a 13:22 cewa a wani lokaci ba mai takobi ko mashi a dukan rundunar sai Saul da Jonatan, domin Filistiyawa sun hana Isra'ila maƙera. Wanda ya tuɓe waɗannan ya ɗora wa wani ya san abin da yake yi. Daga baya ya faɗe shi da bakinsa a Horesh: kai za ka yi sarauta, ni in zama na biyunka, mahaifina ma ya san haka (23:17).

A nan ne jigon labarin yake. Uba da ɗa sun ga abu guda, sun gane abu guda, wato sarautar ta tafi wurin Dawuda. In ma asara ce, ta Jonatan ta fi, domin Saul ya ci nasa zamanin, shi kuwa bai ko ɗanɗana ba. Amma uban ya ɗauki mashi, ɗan ya tuɓe riga.

Ashe Jonatan bai ci amanar mahaifinsa ba?

Mutanenmu, da suka san nauyin iyaye, sukan yi wannan tambaya da gaske, kuma ta cancanci amsa. A dubi abin da ya yi. Karon farko ya je wurin mahaifinsa da ladabi, ya tuna masa cewa Dawuda ya sa ransa a haɗari ya kashe Bafilisten, kai ma ka gani ka yi murna, don me za ka ɗauki alhakin jinin marar laifi? Saul ya saurara, ya rantse ba za a kashe shi ba (19:4-6). Wato Jonatan ya tsare mahaifinsa ne daga zunubi. Ɗan da ya ga ubansa zai zub da jini ya yi shiru, wannan ne bai kyauta masa ba.

Karo na biyu ya fi zafi. Bikin tsayuwar wata ne, sarki ya zauna a mazauninsa jikin bango, Abner shugaban sojojinsa a gefensa, wurin Dawuda ba kowa. Ranar farko Saul bai ce uffan ba, yana zaton wani abu ya sami Dawuda ya ƙazantu. Rana ta biyu ya tambaya, bai ma iya kiran sunan ba, sai ya ce ina ɗan Yesse? Da Jonatan ya ba da uzuri, Saul ya zage shi har ya haɗa da mahaifiyarsa a gaban jama'a, ya ce muddin ɗan Yesse na numfashi, kai da mulkinka ba za ku kafu ba. Jonatan ya ce, me ya yi da za a kashe shi? Amsar da ya samu mashi ce. Ya tashi cikin fushi, bai sa komai a bakinsa ba ranar. Da safe ya fita saura da wani ƙaramin yaro, ya harba kibiya ta wuce shi, ya ɗaga murya ya ce kibiyar tana gaba da kai, yi sauri kada ka tsaya. Wannan ita ce alamar da suka shirya da Dawuda cewa ya gudu, yaron bai san komai ba. Da ya sallame shi, Dawuda ya fito daga maɓoya ya rusuna sau uku, suka rungumi juna suna kuka, na Dawuda ya fi.

Bayan haka Jonatan ya koma gari. Bai bi Dawuda jeji ba, bai tara mutane ya yi wa ubansa tawaye ba. Ya tsaya a gefen mahaifin da ya jefe shi da mashi har ranar da suka faɗi tare a Dutsen Gilbowa. Dawuda da kansa ya shaida a makokinsa cewa a rai da a mutuwa ba su rabu ba (2 Sama'ila 1:23).

Ta yaya Allah ya kare Dawuda?

Nassin ya taƙaita shi a aya ɗaya: Saul ya neme shi kullum, amma Allah bai ba da shi a hannunsa ba (23:14). Sai dai hanyoyin ba iri ɗaya ba ne. Sau da yawa ta hannun mutane ne, kuma abin mamaki, daga cikin gidan Saul. Ɗansa ya yi gargaɗi. 'Yarsa Mikal ta zurara Dawuda ta taga da dare, ta kwantar da gunkin gida a gado ta rufe shi da mayafi da gashin akuya a wajen kai. Wani lokaci kuma ikon Allah ne a fili: a Nayot ta Rama, manzanni kashi uku da Saul ya aika duk Ruhu ya sauko musu suka kama yin annabci, shi ma da ya je da kansa haka ta same shi, ya tuɓe ya kwanta yini da kwana a gaban Sama'ila. A tudun Hakila, barci mai nauyi daga Ubangiji ya danne dukan sansanin.

Wani lokaci ma abin ba ya kama da mu'ujiza ko kaɗan. A Mawon, Saul na wannan gefen dutse, Dawuda na wancan, an kusa rufe shi, sai ga ɗan aike da gudu cewa Filistiyawa sun kawo hari, dole Saul ya juya (23:26-28). Kuma Dawuda bai naɗe hannu ba. Ya goce wa mashi, ya gudu, ya kai iyayensa Mowab, ya nemi nufin Ubangiji a Kaila aka ce masa mutanen garin za su bashe shi, ya kwashe mutanensa wajen 600 ya fita. Har kariya daga kansa an yi masa, ranar da Abigail ta tare shi a hanya ta hana shi karkashe gidan mijinta Nabal (sura 25).

Akan ce hassada ga mai rabo taki ce, kuma sura 18 ta yi daidai da wannan, domin duk ramin da Saul ya haƙa sai ya ƙara ɗaukaka Dawuda. Amma kada a tsaya nan, a karanta amsa ta gaba.

In Allah yana kare nasa, firistocin Nob fa? Jonatan fa?

Ba a amsa wannan da sauri. Dawuda ya isa Nob da yunwa, ya gaya wa firist Ahimelek cewa sarki ne ya aike shi, aka ba shi keɓaɓɓiyar gurasa da takobin Goliyat. Doyeg Ba'edome, shugaban makiyayan Saul, yana wurin ya gani, ya kai gulma. Saul ya umarci dogaransa su kashe firistocin, suka ƙi ɗaga hannu. Doyeg ya yi, ya kashe 85 a rana ɗaya, sa'an nan aka hallaka garin, har mata da jarirai. Abiyata ɗan Ahimelek kaɗai ya tsira. Da ya isa wurin Dawuda, Dawuda bai ce ƙaddara ce ba, ya ce ni na jawo mutuwar dukan gidan mahaifinka (22:22).

An kare Dawuda ne saboda Allah ya yi nufin ya hau gadon sarauta, ba domin ya fi Ahimelek ko Jonatan daraja ba. Labarin bai yi wa kowane mai gaskiya alkawarin tsira daga kowane mashi ba, kuma zalunci ne a koya wa masu makoki cewa da nasu yana da bangaskiya da bai mutu ba. Jonatan ya mutu a Gilbowa da 'yan'uwansa Abinadab da Malkishuwa, bai zama na biyun Dawuda ba kamar yadda ya yi fata. Ba inda nassin ya ɗora masa laifi a kan haka.

Mikal, Jonatan da Dawuda duk sun faɗi abin da ba gaskiya ba. An halatta ƙarya ke nan?

Labari yana faɗin abin da ya faru, ba kullum yake sa hannu a kai ba. Mikal ta ce mijinta ba shi da lafiya, Jonatan ya ce Dawuda ya tafi Baitalami yin hadaya, Dawuda ya yi haukan ƙarya a gaban Akish sarkin Gat, yana zane-zane a ƙofa, miyau na zuba a gemunsa. Biyun farko sun ɓoye mutum ne daga mai neman jininsa, kuma malamai sun daɗe suna muhawara a kan irin wannan. Ta Nob kuwa mun ga abin da ta haifar a amsar da ta gabata.

Me ya hana Dawuda kashe Saul da ya sami dama?

Sau biyu ya samu. A En-gedi Saul ya shiga kogo don ya zaga, bai san Dawuda da mutanensa suna can ƙurya ba. Mutanen suka ce yau ce ranar da Ubangiji ya faɗa maka. Dawuda ya lallaɓa ya yanki bakin rigarsa kawai, ko wannan ma sai zuciyarsa ta dame shi. A Hakila Abishai, ɗaya daga cikin mayaƙan Dawuda, ya roƙa a bar shi ya soke Saul sau ɗaya, ba sai ya maimaita ba. Dawuda ya hana, ya ɗauke mashin da butar ruwa. Dalilinsa ɗaya ne: Ubangiji ne ya shafa wa Saul mai, shi ne kuma zai sauke shi. Mutanensa sun ɗauki samun dama a matsayin izini daga Allah, shi kuwa bai yarda ba.

Akwai masu ɗauko wannan su rufe bakin duk wanda ya tambayi shugaba ko fasto. Su sake karanta sura 24. Dawuda ya fito daga kogon, ya rusuna, ya kira Saul ubansa da ubangijinsa sarki, sa'an nan ya ɗaga ƙyallen ya faɗa masa laifinsa a gaban sojojinsa, ya ce Ubangiji ya shara'anta tsakaninmu. Hannunsa ya riƙe, bai riƙe gaskiya ba. Saul ya yi kuka, ya kira shi ɗana Dawuda, ya ce ka fi ni adalci. Dawuda ya ji, amma bai koma fada ba, ya hau mafakarsa, kuma sura 26 ta nuna ya yi daidai.

Dawuda ya cika alkawarin da ya yi wa Jonatan?

Ya cika. Jonatan ya roƙe shi kada ya yanke alheri daga gidansa ko bayan ransa (20:14-15), roƙo mai nauyi a zamanin da sabon sarki kan share zuriyar wanda ya gada. Da mulki ya kafu, Dawuda da kansa ya tambaya ko akwai wanda ya rage. Ziba, baran gidan Saul, ya nuna masa Mefiboshet ɗan Jonatan a Lodebar, gurgu ne tun yana shekara 5, ranar da labarin Gilbowa ya iso mai renonsa ta ɗauke shi a guje ya faɗi. Ya zo yana rawar jiki yana kiran kansa mataccen kare. Dawuda ya mayar masa da dukan gonakin Saul, ya ce kullum a teburin sarki zai ci, kamar ɗaya daga cikin 'ya'yansa (2 Sama'ila 9).

Shi Dawuda ya tsira daga halin Saul?

Bai tsira gaba ɗaya ba, kuma Littafi Mai Tsarki bai ɓoye ba. Dabarar da Saul ya yi masa, ta tura mutum bakin dāga don abokan gaba su kashe shi, ita ce Dawuda ya yi wa Uriya Bahitte bayan ya zama sarki, kuma tasa ta ci (2 Sama'ila 11). Inda suka bambanta shi ne ranar da annabi ya tsaya a gabansu. Saul ya ce na yi zunubi, amma ka girmama ni a gaban dattawa (1 Sama'ila 15:30). Dawuda ya ce wa annabi Natan na yi wa Ubangiji zunubi, bai ƙara wani uzuri ba.

Labarin nan yana cikin Alƙur'ani?

Wani ɓangarensa. Suratul Baƙara, aya 246 zuwa 251, ta kawo naɗin Ɗalutu, da yaƙi da Jalutu, da yadda Dawuda ya kashe Jalutu Allah ya ba shi mulki da hikima. Ɗalutu shi ne ake dangantawa da Saul. Hassadar sarki, da Jonatan, da gudun jeji ba su zo a cikin waɗannan ayoyi ba. Don haka in kana hira da maƙwabci Musulmi, kun haɗu a kan Dawuda da Jalutu, sauran kuwa ka faɗa masa daga 1 Sama'ila ka samo.

Waɗanne Zabura ne suka dace a karanta tare da labarin?

Bayanin da ke saman wasu Zabura ya danganta su da waɗannan kwanaki. Zabura 59 tana tafiya da daren da aka yi gadin gidan Dawuda, a haɗa ta da sura 19. Zabura 56 da 34 da abin da ya faru a Gat, sura 21. Zabura 52 da gulmar Doyeg, sura 22. Zabura 54 da mutanen Zif da suka tona inda yake, sura 23. Zabura 57 da 142 na kogo ne, sun dace da sura 22 da 24. Zabura 18, wadda aka maimaita a 2 Sama'ila 22, ta ranar da Ubangiji ya kuɓutar da shi daga dukan maƙiyansa da kuma hannun Saul ce. Ga mai jagorantar nazari, shawarata ita ce a fara karanta surar, sa'an nan zaburar, domin surar tana faɗin abin da Dawuda ya yi, zaburar kuma abin da ya gaya wa Allah a lokacin.